HAWAN JINI GA YARA: IRIN WANDA AIKIN FIƊA KE WARKARWA

A watan Satumba na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fid da rahotonta na farko a kan ciwon hawan jini, wanda jama'a suka fi sani da tansiyo. Rahoton ya nuna cewa cikin kowane manya 3 na duniya 1 yana ɗauke da wannan ciwo, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Manya kaɗai aka ƙidaya a cikin rahoton, domin an daɗe ana ɗaukar tansiyo ciwon dattawa ne da masu ƙiba. Amma a shekarar 2019 masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka tarar kimanin yara 4 cikin 100 suna da hawan jini. Ƙasa irin Nijar, wadda kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, ba ta da damar kau da kai daga wannan lissafi.

Hawan jinin babba da na ƙaramin yaro ba hanyarsu ɗaya ba. Ga babba, galibi ba a samun wani dalili guda da za a nuna; gado ne da gishiri da ƙiba da shekaru ke haɗuwa, mutum kuwa ya yi ta shan magani har ƙarshen ransa. Ga ƙaramin yaro, musamman in jinin ya hau ƙwarai, yawanci akwai wata cuta a ɓoye da ke tayar da shi, kuma mafi yawan lokaci a ƙoda take. Daga cikin waɗannan cututtuka akwai ƙuntatar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, wadda likitoci ke ƙiyasta ita ce sanadin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na hawan jinin yara. Ba ta da yawa, amma ta cancanci a san ta, domin tana cikin ƴan ire-iren hawan jinin da ake iya rabuwa da su baki ɗaya in an gyara jijiyar a kan lokaci.

YADDA ƘODA KE TAYAR DA JINI

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayan ciki, dama da hagu. Aikinsu tace jini da fid da fitsari, saboda haka kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke turawa ta wurinsu yake bi. Kowace ƙoda tana da jijiyarta wadda ta rabo daga babbar jijiyar da ta sauko daga zuciya ta bi gaban ƙashin baya. Ban da tacewa, ƙoda tana da wani aiki na tsaro: in ta ji jinin da ke zo mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Shi kuwa renin yakan sa jiki ya haɗa wani sinadarin da ke tsuke jijiyoyi, ya kuma sa a riƙe gishiri da ruwa a jiki. Wannan dabara ce mai amfani ga wanda ya zubar da jini ko wanda zawo ya tsotse, don ita ke hana shi faɗuwa.

Matsala tana tasowa ne in jijiyar ƙodar ce ta ƙuntata alhali jinin jiki bai ragu ba. Duk wanda ya san noman rani a fadamar Jiratawa zai gane misalin. Manomin da magudanarsa ta toshe yana ganin ruwa bai iso fegensa ba, sai ya yi ta aika wa mai injin ban ruwa ya ƙara. Mai inji ya ƙara, ruwa ya cika gonakin maƙwabta har ya fasa kunya, shi kuwa mai toshiyar har yanzu ƙishi gonarsa ke ji, bai daina aike ba. Haka ƙodar da jijiyarta ta ƙuntata ke yi. Tana ta sakin renin, jini na ta hawa, zuciya da ƙwaƙwalwa da idanu da ɗaya ƙodar mai lafiya su ne ke shan wahalar.

YADDA AKA GANO

A shekarar 1898 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Robert Tigerstedt, tare da ɗalibinsa Per Bergman, suna aiki a Suwidin, suka tarar ruwan da aka matse daga ƙodar zomo yana tayar da jinin wani zomon. Su ne suka raɗa wa renin suna. Duniya ba ta kula da aikin nasu ba sai bayan shekara 36. A shekarar 1934 likita Harry Goldblatt na birnin Cleveland a Amurka ya sa wa karnuka ɗan ƙarfe mai matse jijiyar ƙoda, jininsu ya hau ya tsaya a sama. Daga nan aka tabbata ƙuntatar jijiya ita kaɗai ta isa ta kawo hawan jini.

A shekarar 1938 likitoci biyu a Amurka, Leadbetter da Burkland, suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara 5 da rabi mai hawan jini mai tsanani, wanda jijiyar ƙodarsa ɗaya ta toshe. Suka cire ƙodar, jinin ya sauka. Tun daga lokacin aka san wannan ciwo na warkuwa da wuƙar likita. Abin da ya rage shi ne a koyi gyaran jijiyar ba tare da an raba yaro da ƙodarsa ba, kuma wannan ya ɗauki shekaru masu yawa.

ABIN DA KE ƘUNTATA JIJIYAR

Ga tsofaffi kitse ne ke taruwa cikin jijiya. Ga yara dalilan daban ne. A Turai da Amurka ta Arewa abin da aka fi gani shi ne jijiyar da bangonta bai ginu daidai ba, ya yi kauri ya cinye hanyar jini. Wani lokaci wannan yana tafe da wata cutar gado mai suna nerofibromatoz, wadda ke samun kimanin mutum 1 cikin 3000, ana kuwa gane ta da tabo-tabo masu ruwan ƙasa a fata, guda 6 ko fiye, da ƴan ƙullutai. Wasu yaran ba jijiyar ƙoda kaɗai ke ƙuntata ba, har da babbar jijiyar ciki da ta hanji.

A Indiya da gabashin Asiya da Afirka ta Kudu kuwa, babban dalili shi ne wata cutar kumburin manyan jijiyoyi da ake kira Takayasu, da sunan likitan ido na Japan wanda ya ba da labarinta a shekarar 1908. Ta fi kama ƴan mata. Likitocin Afirka ta Kudu sun lura da yawa daga yaran da suka yi wa magani suna da alamar sun taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga likitocin Afirka, domin ita Takayasu sai an kwantar da kumburin da magani irin kortizon kafin a taɓa jijiyar. In aka ɗinka jijiya tana cikin kumburi, ɗinkin ba ya riƙewa.

Ciwon ba ya shela. Yara da yawa ba su jin kome, sai an auna kawai a gane. Wasu suna fama da ciwon kai da haɓo da amai da dushewar gani. Jinjiri yakan ƙi girma, ya ƙi nono, numfashi ya yi masa wuya don zuciyarsa ta gaji. Wani yaron gefen fuskarsa ne ke shanyewa, wani ya faɗi yana sanƙarewa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka yi yawa, hankalin kowa can yake tafiya, a gida kuma akan ce iska ce ta buge shi. Ta haka yaro kan yi watanni yana yawo tsakanin masu magani, ba wanda ya ɗaura masa abin awon jini a hannu.

HANYOYI UKU NA MAGANI

Hanya ta fari ita ce ƙwayoyi. Su ake fara ba yaro don a sauko da jinin, kuma sau da yawa sai an haɗa masa iri 3 ko fiye. Akwai wani rukunin magani mai datse aikin renin, wanda na farkonsa, kaptopiril, aka samo hikimarsa daga dafin wani maciji na Birazil, aka kuma yarda da shi a Amurka a shekarar 1981. Yana sauko da jini sosai, amma yana da haɗari ga mai wannan ciwo: in jijiyoyin ƙoda biyun duka sun ƙuntata, ko kuwa ƙoda ɗaya yaro ke da ita, maganin na iya tsai da aikin ƙoda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna kuskuren saya wa yaro ƙwayar tansiyo a kan tebur a kasuwa, ko gutsura masa ta kakarsa. Ƙwaya dai ba ta buɗe jijiya. Tana saya wa yaro lokaci ne har ya ƙara girma.

Hanya ta biyu ita ce buɗa jijiyar daga ciki. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, ana kallonsa a radiyo har ya isa wurin da ya ƙuntata, sai a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa ya buɗa hanyar. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara yin haka ga jijiyar ƙoda a birnin Zurik na ƙasar Suwis, aka buga labarin a shekarar 1978. Ba a tsaga ciki, yaro kan koma gida cikin ƴan kwanaki, kuma a manyan asibitocin yara fiye da rabin waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi ko su warke. Aibinta shi ne jijiyar kan sake tsukewa a sake yi, musamman in ƙuncin mai tsawo ne ko yana daidai bakin da jijiyar ta rabu da babbar. Ƴar ragar ƙarfen nan da ake sa wa manya don ta tokare jijiya, likitocin yara suna gudunta, saboda yaro na girma ita kuwa ba ta girma.

Hanya ta uku ita ce fiɗa. In ƙuncin a bakin jijiya yake, likita kan yanke wurin da ya lalace ya dasa sauran jijiyar mai lafiya a jikin babbar jijiya. In ƙuncin ya yi tsawo, sai a yi masa gada, jini ya tsallake. A nan likitoci sun koyi darasi mai tsada. Da farko sun riƙa ɗauko jijiyar ƙafa mai mai da jini zuciya, kamar yadda ake yi wa manya, sai aka ga a jikin yara tana kumbura bayan shekaru ta zama kamar salka. Saboda haka aka koma ɗauko wata jijiya daga cikin ƙugu, wadda aka halitta don ɗaukar ƙarfin jini. In cutar ta shiga ƙananan rassa, akan fid da ƙodar waje a sanyaya ta, a gyara rassan, a sake dasa ta a jikin mai ita. In kuwa ƙodar ta riga ta ƙanƙance ba ta aiki, ɗayar kuma lafiya lau, cire ta shi ne magani, domin mutum na rayuwa da ƙoda ɗaya. Jijiyar ƙodar ƙaramin yaro ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, shi ya sa in hali ya yi ake jinkirta fiɗa har yaro ya wuce shekara 3.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Asibitin Jami'ar Mishigan a Amurka yana cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a wannan aiki. A shekarar 2006 likita James Stanley da abokan aikinsa suka buga sakamakon yara 97 da aka yi wa fiɗa tun daga 1963. Kashi 70 cikin 100 sun warke sun bar shan magani, kashi 27 sun sami sauƙi, kashi 3 ba su ga canji ba. Daga baya asibitin ya sake lissafin yara 169 da aka yi wa aiki tsakanin 1991 da 2017: kashi 44 sun warke, kashi 46 sun sami sauƙi, kashi 10 ba canji. Raguwar masu warkewa sarai ba ta nuna hannun likitoci ya lalace ba. Da balan-balan ya yaɗu, masu sauƙin ciwo can suke tsayawa, waɗanda ke isowa ɗakin fiɗa kuwa su ne masu wuya, wasunsu an riga an hura musu jijiya sau da yawa har ta yi tabo.

A kan haka likitoci suka rabu. Na Turai, irin na asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, sun fi fara gwada balan-balan su ajiye fiɗa ga wanda bai yi wa ba. Na Mishigan suna gargaɗin cewa hurawar da ba ta dace ba tana ɓata jijiya ta wahalar da mai fiɗa, har wani lokaci a rasa ƙodar. Inda suka haɗu shi ne kada mutum ɗaya ya yanke shawara: likitan ƙodar yara da mai radiyo da mai fiɗar jijiya su zauna tare su dubi hoton kowane yaro.

Akwai kuma wani darasi cikin lissafin na farko. Yara 97 cikin shekara 43 bai kai yara 3 a shekara ba, a asibitin da ake kawo masa marasa lafiya daga nesa. Wato ko a ƙasashe masu arziki wannan aiki ba na kowane asibiti ba ne. Hannu ba ya gwanancewa da abin da yake yi sau ɗaya a shekara biyar.

ABIN DA YA SHAFI NIJAR

Wani zai ce ƙasar da ke fama da zazzaɓi da tamowa da ƙyanda ba ta da lokacin ciwon da sai an tona ake samu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mai hankalin da zai ce a rage kuɗin rigakafi don a sayi kayan fiɗar jijiya. Amma matakin farko na wannan yaƙi ba shi da tsada, kuma amfaninsa ya wuce wannan ciwo guda. Matakin shi ne auna jinin yara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a shekarar 2017 a riƙa auna kowane yaro sau ɗaya a shekara tun daga shekara 3. Daga shekara 13, abin da ya kai 130 bisa 80, wato 13/8 a lissafin da aka saba da shi a gidajen likita na ƙasar nan, hawan jini ne. Ga ƙanana kuwa ana duba shekaru da tsawo da jinsi a jadawali, domin lambar da ke daidai ga uba tana iya zama haɗari ga ɗansa.

Awo sai da kayan da ya dace. Ɗamarar da ake naɗawa a hannu, faɗinta ya kai kimanin kashi 40 cikin 100 na kewayen damtsen yaro. In ta yi ƙanƙanta lambar kan fito sama da gaskiya, in ta yi girma ta fito ƙasa. Ɗamarar manya a hannun ɗan shekara 4 tana iya ɓoye ciwon. Ba a kuma yanke hukunci da awo ɗaya. Sai an maimaita a zuwa uku, in ba lambar ta yi muni ƙwarai ko yaro na cikin halin gaggawa ba. Ma'aikacin lafiya ya taɓa bugun jini a matsematsi, ya saurari ciki ko zai ji shuuu ɗin jini mai matsuwa, ya dubi fata, ya tsoma ƴar takardar awo cikin fitsari.

Awon fitsarin nan yana rarrabe hanya. Mafi yawan yaran da ƙoda ta tayar musu da jini, naman ƙodar ne ya kamu, ba jijiyarta ba. Akwai kumburin ƙoda da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen ƙazwa da suka yi ruwa, inda fuskar yaro ke kumbura fitsarinsa ya koma kalar shayi. Akwai tsargiya da ta daɗe har ta toshe hanyar fitsari, abin da mazauna bakin kogi da tafkuna suka sani. Waɗannan ba fiɗar jijiya suke bukata ba, amma ɗamarar awo guda ce ke tona su duka. Yaron da jininsa ya hau ƙwarai, fitsarinsa garau, magani biyu ko uku sun kasa, shi ne za a zarga da ƙuntatar jijiya a tura shi gaba don eko da sikana.

Ƙasar nan tana da harsashin da za a ɗora wannan aiki. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomai a ƙauyukan jihar Maraɗi, kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da kiwon lafiya a matakin farko manufar duniya. A shekarar 2006 gwamnati ta yanke a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A shekarar 2016 aka buɗe babban asibitin ƙwararru na Yamai, ga manyan asibitocin Damagaram da Maraɗi. Abin da hankali ke nunawa shi ne a jera aikin daki-daki. A sa ɗamarar yara iri biyu ko uku cikin kayan kowane gidan likita na karkara, a koya wa ɗaliban makarantun lafiya amfani da jadawalin, a haɗa awon jini da duba lafiyar ƴan lakwal. Asibitocin jihohi su tabbatar da ciwon su fara magani. Ƴan kaɗan ɗin da za su bukaci balan-balan ko fiɗa a tara su wuri ɗaya, a rubuta sunayensu da sakamakonsu a littafi guda, a ƙulla yarjejeniya da asibitocin waje da suka saba da aikin, ko a aika yaro ko a gayyato likita.

Masu riƙe da kasafin kuɗi su auna ɗaya gefen. Yaron da ba a gano ba, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko mutuwar ƙoda. Wanda ƙodarsa ta mutu sai wankin jini sau 2 ko 3 kowane mako har iyakar ransa, iyali su bar gona su tare a birni kusa da injin. Wanda aka gyara wa jijiya yana ɗan shekara 8 kuwa yana iya komawa makaranta ya yi shekara 60 yana amfanin kansa da ƙasarsa.

Iyaye ma suna da nasu rabon. Uwar da ɗanta ke yawan ciwon kai ko haɓo, ko fuskarsa ta karkace, ko ya sanƙare ba tare da zazzaɓi ba, tana da haƙƙin ta roƙi malamin likita ya auna masa tansiyo. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su karanta wa maƙwabta wannan bayani a dandali da wurin suna. Yaron da aka yi wa aiki kuma a ci gaba da kai shi awo shekara-shekara, domin jijiyar da aka gyara tana iya sake tsukewa yayin da yake girma. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba yaran ƙasa lafiya, ya taimaki masu kula da su.